Kwalabe Shida da Ƙwarya Uku

Juma'a, 27 ga Satumba, 2024. Gwandu.

Baffa Abdulgani ya dawo. Shekara ashirin da shida rabonsa da gida, tun kafin Babana ya yi aure, ya haife ni, ya rasu ya bar ni hannun Inno. Ni a hoto ɗaya na san shi, wanda ke maƙale bayan madubi: siriri, riƙe da sanda.

Na ɗauka zuwansa zai yi kama da na cikin littattafan da nake karantawa, baƙar mota, ƙamshin turare ya riga mutum shigowa. A kan kabu-kabu ya zo, da akwati ɗaya. Gemu duk furfura.

Inno ba ta gani sosai yanzu, yanar ido ta rufe mata gani. Ya durƙusa gabanta yana kuka. Ta shafa fuskarsa, ta shafa kunnuwansa, sannan ta jawo kansa ta shinshina. Ta daɗe tana shinshinawa har na ji kunya na sunkuyar da kai. Da ta sake shi sai ta ce, "Surayya, ba baƙo ruwa."

Baƙo. Ɗanta na fari.

Asabar, 28 ga Satumba.

A zaure ya kwana. Goggo Hauwa ta taso daga Kalgo da hantsi, tana ganinsa ta faɗa jikinsa. Sun yi ta da Inno a ɗaki, ina bakin murhu ina jin guntu-guntu. "Inno, mutum tsufa ya yi, ba musanya shi aka yi ba." Inno kuma: "Wanga ba warin ɗana ba ne." Goggo ta ce shekara ashirin da shida yana cin abincin Turawa, warin me ake so ya yi, na garke?

Ta tafi da shi Kalgo. Inno ba ta taɓa tuwonta ba.

Litinin, 30 ga Satumba.

Ludayi biyu na fura kawai Inno ta sha tun shekaranjiya. Ta ce maƙogwaronta ya rufe.

Laraba, 2 ga Oktoba.

Kowa a unguwar nan ya san harshen Inno. A tatso shanu goma, a ba ta madarar kowace, za ta gaya maka wace saniya ce, har da gefen da ta yi kiwo. Ni ma ina da shi kaɗan, ba na dai faɗa. An ce Baffa tun yana yaro haka yake, har maƙwabta kan taru a yi masa gwaji ana dariya.

Yau ta kira ni ta ce in tafi Kalgo in gaya masa: Juma'a ta uku daga yau ya zo. Za ta ajiye ƙwarya uku. Ɗaya madarar Goshi ce, jikanyar saniyar da aka ba shi ranar sunansa. In ya gane ta, ɗanta ne. In bai gane ba, ya koma inda ya fito, kada ya ƙara taka mata ƙofa.

Na ce, Inno, kafin nan fa ki ci abinci. Ta ce, "Mi za ni ci, ban san ko ina da ɗa ko ba ni da shi ba?"

Juma'a, 4 ga Oktoba. Kalgo.

Na isar da saƙo, idona a ƙasa. Ya ce, "To, ɗiyata."

Abu biyu na lura.

Miyar Goggo ta kama yau, ƙauri har tsakar gida, mijinta loma biyu ya yi ya ture kwano. Baffa ya cinye nasa tas. Ba irin cin kara ba, na kalli fuskarsa. Babu komai a kanta, kamar mai tauna ruwa.

Na biyu, maganarsa. Hausarsa irin ta tsofaffin da suka mutu ce. Ya lissafa shanun garkenmu na wancan zamani ɗaya bayan ɗaya, da launinsu, da wadda ta haifi wata, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Goggo tana ta share hawaye tana "ka tuna, ka tuna." Ni kuwa sai na ji kamar ana ba da hadda a makarantar allo.

Astagfirullah. Littattafai sun ɓata mini kai.

Asabar, 5 ga Oktoba.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Bayan azahar Goggo ta tafi barka. Ya kira ni ɗakin da aka sauke shi, ƙofa a buɗe. Ya jawo wani tulu daga bayan gado, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Kwalabe ne a ciki, guda shida, a cikin ruwa.

Ya ce, "Kin san aikin da na yi a can?" Na ce Goggo ta ce kamfanin abinci. Ya yi 'yar dariya. Kamfanin giya ne. Shekara goma sha ɗaya a Jamus, bakwai a Amurka, aikinsa ɗanɗanawa. Kafin a cika kwalba ko ɗaya, sai an kawo masa a ƙaramin kofi ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ya fara da wanke tukwane, wata rana ya gaya wa babban wurin cewa ruwan yau ba na jiya ba ne, aka bincika aka tarar haka ne. Shi ke nan.

Na miƙe zan fita. Ya ce in tsaya, waɗannan an cire musu abin da ke sa maye, ya nuna mini sifiri da ɗigo da sifiri a jikin takardar. Na ce to tofarwa kake yi a wurin aikin? Ya ce a'a. Ɗacin a can ƙarshen maƙogwaro yake, wanda bai haɗiye ba bai ji shi ba. "Shekara goma sha takwas ina haɗiyewa, Surayya. Allah na roƙa ya karɓe ni daga aikin, sai ya karɓi harshen."

Ciwon nan na annobar da ta rufe duniya ne ya kwantar da shi. Ya tashi ba ya jin ɗanɗano, ba ya jin wari, har yau. Kwalaben ya taho da su ne don duk wata ya buɗe ɗaya ya gani ko ya dawo.

Wadda ke cikin kwalaben irin ta bikin kaka ce, in ji shi. A Jamus in damina ta wuce sukan kafa rumfuna manya kamar kasuwa, a yi mako biyu ana sha ana kiɗa, akwai irin da ake dafawa don wannan bikin kawai. Uku daga can suke, uku kuma na Amurka ne masu kwaikwayonta.

Ya zuba biyu a kofunan shayi, ya sa na rufe ido da gyalena. Wallahi ban san me ya sa na karɓa ba. Wataƙila don ba wanda ya taɓa tambayata yadda na ji wani abu.

Ta farko: kamar ɓawon burodi mai zafi, sai wani ƙamshi irin na ciyawar da aka yanka ta kwana ɗaya, sai ɗaci siriri ya zo ya share komai ya tafi. Ta biyu ta fi kauri, ta fi zaƙi, kamar ƙanzon da aka jiƙa da mazarƙwaila, kuma ba ta tafiya, tana nan manne a dasashi.

Na faɗa masa haka. Na buɗe ido na tarar ya kafe ni da kallo, bakinsa yana motsi kamar shi ne ke sha.

Na wanke baki sau bakwai. Na sake alwala duk da ba ta karye ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba.

Ya tambaye ni wacce ce ta asali. Na nuna ja, mai launin tagulla, don ta fi kama da abin da ya tsufa. Ya ce na faɗi. Fara-farar nan mai ruwan zinariya ita ce ta Jamus. Da can tasu ma ja ce, suka yi ta sassauta ta har ta koma haka. Mutanen Amurka kuwa tsohuwar suka koya, suka riƙe ta gam, ba su yarda su kauce ko kaɗan ba.

"Na gaske shi ke canzawa," in ji shi. "Mai kwaikwayo ba ya iyawa, tsoro yake ji."

Ya faɗa, sai kuma ya kau da kai kamar ya ji abin da ya faɗa.

Na tambaye shi ko shi kaɗai ne ɗan gida a can. Ya ce su biyu suka tafi, shi da Hassan, ɗan Masama. Ɗaki ɗaya shekara tara. Turawa ba sa bambance su, har takardun aiki ɗaya suka yi ta amfani da su, wannan ya yi safe wannan ya yi yamma. Da dare in sanyi ya hana barci sai su yi ta ba juna labarin gida, har kowa ya haddace na ɗan'uwansa. Hassan ya rasu a can, ciwon huhu. Shi ya yi masa wanka.

Na ce ka je ka yi wa mutanensa gaisuwa? Ya ce tukuna.

Masama fa ga ta ga Gwandu.

Talata, 8 ga Oktoba.

Ya ba ni aron littafin aikinsa, wai in ga yadda ake kama ɗanɗano a rubuce. Ƙaramin littafi ne, bangon ya yi laushi don daɗewa. Da Hausa ya rubuta, don kada abokan aiki su karanta. Rubutun nasa ne, na gwada da lambar wayar da ya rubuta wa Goggo a bango.

Na fi awa biyu a kansa, na bar littafin soyayyar da na zo da shi a tsakiya, ana gab da ɗaurin aure. Ban taɓa karanta abu irin wannan ba. "Kamar hayaƙin kara a jikin sabuwar ƙwarya." "Zaƙin farko na ƙarya ne, jira na biyu." "Wannan an yi mata gaggawa, tana da fushi." Duk abin da na ji ranar Asabar yana ciki, ya riga ni ji da shekaru, kuma ya fi ni ji. Kusa da shi ni kurma ce.

A shafi uku daban-daban ya rubuta: "kamar ruwan rijiyar bayan masallacinmu na Masama."

Masallacinmu.

To ai mutum kan ari bakin abokinsa. Shekara tara a ɗaki ɗaya.

Laraba, 9 ga Oktoba.

Ya roƙe ni. Na san zai roƙa.

Ni ce zan ɗauko ƙoren daga ɗaki in ajiye gabansa. In san yadda zan yi in ɗanɗana, in ɗora ludayi a kan faifan ta Goshi. Inno ba za ta gani ba.

Na ce me zai hana ka gaya mata gaskiya, ciwo ne. Ya ce za ta ce wane ɗa ne nata zai rasa harshe, kuma in ta ja zaren sai ta kai ga aikin. "Ki zaɓar mata, ɗa mashayi ko ba ɗa." Ya ce ba gado yake nema ba, ba saniya ba. So yake a ce masa shigo.

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba. Ni dama haka nake, shi ya sa kowa ke ɗauka na yarda.

Asabar, 12 ga Oktoba. Gwandu.

Na dawo. Warwaron Inno yana zamewa har gwiwar hannu. Matar maƙwabcinmu da ta kwana da ita ta ce kunu kaɗai take kurɓa.

Inno ta ce, "Kin gan shi. Mi kika gani?" Na ce mutum ne mai shiru. Ta ce, "Ke ma haka."

Talata, 15 ga Oktoba.

Kullum da safe ina raka Inno garke, ita ke tatsa da lalube, ba ta yarda wani ya taɓa mata hantsa. Ina lasar yatsa a ɓoye. Madarar Goshi tana da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshe, da wani abu kamar ɗanyar gyaɗa. Yadda ya koya mini nake yi: in bari ta zauna, in haɗiye, in fitar da numfashi ta hanci.

Ba wai na yanke shawara ba ne. Koyo kawai nake.

Shanun suna bina da ido kwanan nan. Ko kuwa da ma haka suke yi ban lura ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba.

In shi ne, na hana shi uwarsa, wa zai yafe mini? In ba shi ba ne, na shigo da shi ɗakinta, wa na shigo da shi?

A littafi da yanzu wani tabo ya bayyana a kafaɗa an huta.

Juma'a, 18 ga Oktoba.

An yi.

Da hantsi suka iso shi da Goggo. Inno ta tatsa da kanta, ta kore ni daga garken, ta zuba a ɗaki ita kaɗai ta rufe da faya-fayi. Sannan ta zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa ta ce in fito da su.

A ɗakin ba kowa sai ni da ƙoren uku a jere. Na ji kamar su ma jira suke. Na tsoma ɗan yatsa a ta farko. A'a. Ta biyu, a'a. Ta uku gishirin ya zo, gyaɗar ta biyo.

Na fito da su ɗaya-ɗaya. Ludayin yana hannuna, na tsaya da shi kamar wadda ta manta abin da ake yi da ludayi. Sai Inno ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, na ga hannun, ƙashi da fata. Na ɗora a kan ta ukun.

Ya sha ta farko, ya jira. Ya sha ta biyu. Ya iya, har da lumshe ido. Da ya sha ta uku ya ajiye ya ce, "Wagga ce, Inno."

Ko kaji ba su yi motsi ba. Inno ta juyo da fararen idanunta, ba wajensa ba, wajena. Na rantse ta daɗe a kaina. Sannan ta ce, "Abdu, taso ka shigo daga rana."

Goggo ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa da rarrafe ya isa wajenta.

Ta ci tuwo malmala guda da rabi, ta nemi man shanu.

Lahadi, 20 ga Oktoba.

Yau ina taje mata kai a tsakar gida, Baffa ya tafi masallaci, sai ta kama dariya ita kaɗai. Na ce lafiya? Ta ce, "Ke ce kika gwada mishi, ko?"

Matajin ya faɗi daga hannuna.

Ta ce kada in ji tsoro, abin da take jira ke nan. Wai Abdu tunda aka haife shi bai taɓa bambance madarar saniya da ta akuya ba. Harshensa kamar takalmi. Duk gwajin da ake yi masa yana yaro, Hauwa ce ke tsaye bayan mutane tana yi masa alama da yatsu, shi kuma ya yi ta lumshe ido yana karɓar yabo. Ta sani tun ran farko, ba ta taɓa faɗa ba. Har ya girma yana fariya da abin, ta ce ƙila shi kansa ya manta ƙarya ce.

"Wari na canzawa da abin da mutum ya ci," in ji ta. "Hali ba ya canzawa. Na ce in nawa ne, zai sami wata ɗiya ya lallaɓa ta yi mishi aikin. Ga shi kuwa."

Ta yi ta dariya har da tari. Na tsince matajin na ci gaba.

Litinin, 21 ga Oktoba.

Na kira Goggo na tambaye ta cikin wasa. Ta ce ƙwarai, yatsa ɗaya madarar Baƙa, yatsa biyu ta Guntuwa, shanunsu na wancan lokaci, Yaya Abdu ko gishiri ya yi yawa a miya sai an gaya masa.

To bari in rubuta sau ɗaya, a nan kawai.

Baffa Abdulgani bai taɓa samun harshe ba. Mutumin da ke kwana a ɗakin Babana yana da shi, ya fi na Inno, ya fi nawa, na karanta da idona shekara goma sha takwas na abin da ya ji. Ba a yi wa mutum alama da yatsu shekara goma sha takwas. Kuma shi ya yarda da gaske cewa Abdulgani gwani ne, domin haka Abdulgani ya ba shi labari a ɗakinsu na can mai sanyi. Su biyu suka tafi. Ɗaya ya yi wa ɗaya wanka.

Inno ba ta san da littafin ba. Goggo ba ta sani ba. Ni kaɗai.

Alhamis, 24 ga Oktoba.

Ya gyara mata ƙofar ɗaki. Yana yanke mata farce da reza, a hankali, tana yi masa faɗa wai ya cika tsoro. Jiya ta kai gaisuwar mutuwa da ƙafarta har bakin kasuwa, rabonta da haka tun bara.

Da la'asar na kai masa fura. Ya karɓa ya ce, "Akwai abin da kike son tambayata, ɗiyata?" Bai ɗago ba.

Na ce sukarin ya isa?

Ya ce, "Ke za ki gaya mini."

Juma'a, 1 ga Nuwamba.

Ya aike ni Masama da buhun gero da turmin atamfa, in kai wa mahaifiyar Hassan. Ya ce shi ƙafarsa na ciwo. Ya raka ni har inda ake hawa kabu-kabu, yana ta maimaita mini kwatancen gidan, har da dutsen da ke bakin ƙofa.

Sunanta Jidda. 'Yar ƙaramar tsohuwa, idonta garau. Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa a moɗa, mai sanyi, da ɗan ɗanɗanon ƙarfe. Ta ce ta ji Abdulgani ya dawo, tana ta sa ido. Na ce ba ya jin daɗi ne, yana gaishe ta.

Ta ce shekara goma sha bakwai ba wanda ya gaya mata yadda aka yi, takarda kawai aka aiko. Ya sha wahala? Na ce a'a, kwana uku ya yi. Da wa a kansa? Na ce Baffa yana riƙe da hannunsa. Ta ce ya yi magana? Wannan ba a gaya mini ba. Na ji bakina yana cewa ya cika da kalmar shahada, kuma kafin nan ya kira sunanta sau biyu.

Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Da ta buɗe ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau zan yi barci." Ta riƙe hannuna har bakin hanya, ta ce in ce masa ko sau ɗaya ya zo ta ga idon da ya ga ɗanta. Na ce in ya ji sauƙi.

Na dawo na tarar da shi zaune a zaure, kamar tun da ya dawo daga raka ni bai motsa ba. Ya ce yaya take? Na ce lafiyarta lau, ta yi ƙiba ma. Ya gyaɗa kai ya yi ta gyaɗawa.

Ni da ko sallama a gidan mutane sai na yi in'ina. Yau ko sau ɗaya ban yi ba.

Inno na kira, wai in zo in zuba wa Baffa abinci.